Baba Joseph, Bakaniken da Ke Bin Mota a Guje

Tun kafin masu ƙosai su hura wuta Baba Joseph yake buɗe garejinsa a bakin titin Television. Ba ya zama. Shayi ma a tsaye yake sha, kunnensa na kan kwalta. Mota ta wuce, sai ka ji ya yi tsaki: "Wannan ba za ta kai Sabon Tasha ba." Kafin ka waiga ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu.

Bana, tun da sojoji suka bar mulki suka koma bariki, hankalinsa bai kwanta ba. Sababbin kansiloli da 'yan kwangila sun cika gari da manyan motoci masu giyar taimako, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Giyar ta taɓo ce da yashi. A busasshiyar kwalta taya ba ta samun sulɓi, sai ƙarafan ciki su yi ta murɗe juna har wani ya karye. Baba ya faɗa, ya faɗa, har murya ta dishe.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibiti, kuma na ga nawa da idona. Da daminar nan mun ɗauko wata mata, Grace, daga ƙauye bayan Rido, haihuwa ta zo mata da gardama. Direbanmu Malam Ɗahiru ya sa giyar taimako muka fita daga taɓo, amma da muka hau kwalta nishin matar ya mantar da shi cirewa. Sitiyari ya yi tauri. Kowace kwana motar sai ta yi tsalle tana ƙara. Ya ja giyar, ta ƙi fita.

Mun wuce garejin ke nan sai ga Baba Joseph a bayan ɗan acaɓa yana dukan ƙofarmu.

"Tsaya, ɗana! Tsaya!"

"Baba, mai naƙuda muka ɗauko!" in ji Ɗahiru.

"Shi ya sa! Farfela, ƙarfen da ke juya tayoyi, ta kusa tsinkewa. Ka fi so ta tsinke a kan gada?"

Ni kam na fusata, na ce, "Baba, jini take zubarwa!"

"Na gani, 'yata. Sa ribas, Malam. A hankali, taya ɗaya ta sauka daga kwalta zuwa kan ƙasa."

Ɗahiru ya yi yadda ya ce, muka ji ƙas! Giyar ta saki. Bai yarda ya bar mu ba, ya shigo ya tsuguna a bayan motar yana sauraron ƙarƙashinta har ƙofar babban asibiti. Grace ta haifi 'ya mace, dukansu suna raye. Da muka fito nemansa, ya riga ya kama hanya da ƙafa, wai ya baro motar wani a kan jak.

Yanzu gwiwoyinsa sun gaza. 'Ya'yansa za su mayar da shi gida Pankshin a ƙarshen wata, yana ta faɗa, wai wa zai riƙa jin titin?

Baba, kai ne mai kunnen da ba ya hutu. Kai ne ba ka taɓa tambayar motar wa ce, ko ina mai ita yake ibada, kafin ka tashi. Mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi.

Ku kuma masu sana'a, in kun ji abu na shirin karyewa a hannun wani, kada ku jira a jawo muku shi da igiya. Ku tashi ku tare shi tun yana tafiya.