Mutumin da Ya Rataye Rana a Silin

Kullum da sassafe, tun hazo bai bar duwatsun Cao Bang ba, za ka ji babur ɗin Kawu Khiem ya nufi ɗakin batura, inda ake adana wa garinmu wuta. Sai ya dafa kowane akwati da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, sannan ya yarda ya kurɓi shayi. A makon nan zai ajiye aiki, ni kuwa ba zan yi shiru ba!

A wajenmu, in mace ta haihu, kaskon gawayi ake tura mata ƙarƙashin gado, a toshe taga. Haka ƙanwar Khiem ta kwanta da jaririnta, hayaƙin gawayin ya turnuƙe su, ba su farka ba. Shi ya sa da farantan ɗumi na lantarki suka zo, ya saɓa tsani ya bi gidajen masu jego yana kafa su a silin.

Kaka Nhan, wadda jikarta Thoa ta haihu ana tsakiyar sanyi, ta tare shi da kasko a hannu.

"Kai Khiem, kanka ɗaya kuwa? Ɗumi daga sama? Ai ta ƙasa yake shiga ƙashi!"

"To Kaka, rana fa? A ƙarƙashin gadonki take fitowa?"

"Ja'iri! Rana ba a ɗauke ta. Wutarku fa?"

"In ta ɗauke, ni da kaina zan hura miki gawayin."

Ta bar shi ya kafa. Aka yi kwana biyu, ƙanƙara ta tsinke babban layin wuta. Wallahi hankalinmu ya tashi, don Kaka ta jawo kaskonta bakin ƙofa tana jira. Khiem ya bi shago-shago yana roƙon a kashe firji, a bar wa jarirai abin da ke cikin batura. Kwana uku cur farantin ɗakin Thoa bai huce ba, har aka gyara layi!

Kawu Khiem, kai ne wanda bai raina tsohuwa ba, bai kuma bar mata Thoa ba. Mun gode, Kawu. Masu tasowa, ku koyi hawa tsani irin nasa.

Jiya Kaka Nhan ta kai masa kaskon har gida. Albasa ta shuka a ciki.