Fuskar Maidawa a Shataletale

A wani shataletale da ke bakin garin Maraɗi akwai mutum-mutumin manomi riƙe da hauya, tsawonsa mita huɗu da rabi. Malam Inusa ne ya gina shi a 1998, da rodi da ragar waya da siminti. Cikin ayyukansa duka shi aka fi sani. Shi ne kuma aikin da ya yi shekara ashirin yana sake hanya don kada ya bi ta gabansa.

An haifi Inusa a 1961 a wani ƙauye bayan Tibiri, aka raɗa masa suna Baraka. Ubansa Maidawa manomin gero ne, Bagobiri, ba ya salla. Shi ke yanka wa iskoki baƙin bunsuru kafin shuka. Duk mai cin kasuwar Tibiri ya san fuskarsa: tsage shida a kuncin dama, bakwai a na hagu, ga hanci a karkace inda sa ya taɓa tunkuyinsa. An yi wa ƴaƴansa duka tsagen ban da Baraka, don a shekarar ƙyanda aka haife shi, uwarsa ta hana a sa masa aska.

A Jiratawa ya tashi, wajen gwaggonsa mai ginin tukwane, a nan hannunsa ya saba da yumɓu. Yana da shekara goma sha shida ya shigo Maraɗi, ya kama lebura wajen wani magini. Ya musulunta, ya koma Inusa. Aikinsa na farko da siminti wani ƙaton tulu ne a ƙofar gidan wani ɗan kasuwa. Daga baya ya yi gyaɗa mai tsawon mutum biyu, ya yi raƙumi a gaban wani masaukin baƙi. Wasu malamai sun ce gumaka yake yi. Ya ji, bai daina ba.

Ya auri Zuliha, ɗiyar Alhaji Maman Lawali, wani mai sayen hatsi a Sabon Gari. Maigidansa magini ne ya tsaya masa a wajen neman auren. Da aka tambayi ubansa, Inusa ya ce manomi ne, tsufa ya hana shi tafiya. Bai faɗi sunansa ba.

Da ma'aikatar magajin gari ta ba shi aikin manomin, bai san fuskar manomi da ta fi ta ubansa ba. Ya je ƙauye ya roƙe shi. Sau uku Maidawa yana hawo amalanke ya zo rumfar aikin, ya tsaya da hauya a hannu, rana tana dukansa.

"Baraka, in na tsaya nan kamar kututture, wa za ya yi mini noman?"

"Saura kaɗan, Baba. Ɗaga haɓa."

"To ka yi ni a ƙoshe. Kada mutanen birni su ce ka bar ubanka da yunwa."

Saura kwana huɗu a buɗe aikin, Alhaji Maman Lawali ya biyo ya ga abin da surukinsa ke yi. Alhaji ya daɗe yana sayen gero a kasuwar Tibiri. Ya ɗaga kai, ya ƙura wa fuskar ido, sai ya yi dariya.

"Kai, wanga ai Maidawa ne, mai bunsuru! Ina ka san shi?"

"A kasuwa na gan shi, Alhaji."

"Gunki dai ga shi kun yi. Amma duk manoman ƙasar nan ku rasa wanda za ku kafa mana a bakin gari sai arne?"

Inusa ya ce surukin nasa bai umarce shi da komai ba. Wasa ya yi, ya hau motarsa ya tafi. Washegari da safe Inusa ya hau tsani da dutsen guga, ya goge tsagen kuncin dama. Aikin ya ci masa rabin yini. Da ya ga lokaci na ƙurewa, sai ya cike na hagu da sabon siminti, ya ƙara wani a hanci ya miƙar da shi. Fuskar ta zama ta kowa.

Ranar buɗewa Maidawa ya zo da babbar ɗiyarsa Talatu. Ya sa riga sabuwa da hular aro. Aka yaye ƙyallen da ya rufe mutum-mutumin, aka yi tafi. Tsohon ya daɗe yana kallon sama, sannan ya matso kusa da ɗansa. Wani babban jami'i yana gaisawa da Inusa, Alhaji na tsaye a gefe. Jami'in ya tambaya wane ne dattijon nan.

"Wani tsoho ne daga wajen ƙauyenmu," in ji Inusa.

"Haka ne, ranka shi daɗe," in ji Maidawa. "Kallo na zo."

Ya juya, Talatu ta bi shi. Ba su tsaya cin abinci ba.

Maidawa bai taɓa tayar da maganar ba. Duk kaka yana aiko wa ɗansa gero yadda ya saba. Ya rasu a 2003. Inusa ya ce sau biyu ya je ƙauye da niyyar neman gafara, sau biyun ya ƙare da tambayar damina. Ya faɗa wa Zuliha gaskiya bayan rasuwar. Alhaji kuwa har ya bar duniya bai ji daga bakinsa ba.

Sabon siminti ba ya kama tsoho da kyau, kowane magini ya san haka. A daminar 2019 facin kuncin hagu ya tsage ya faɗo, rabin na hancin ma ya bi shi. Ma'aikatar magajin gari ta aika a kira Inusa ya gyara. Ya hau, ya tarar da tsage bakwai suna nan yadda ya yi su. Ya ce ya kwaɓa simintin cikewa, ya bar shi a ƙasa har ya bushe. Ya ɗauki kurfi, ƙarfen sassaƙa, ya ɓamɓare sauran facin.

Kuncin dama ne matsala, don nan gogewa ya yi, babu abin da ya rage. Ya san shida ne, amma ya manta yadda suka tashi daga gefen baki, da tazarar da ke tsakaninsu. A fuskarsa babu abin dubawa. Ya tafi ƙauye wajen Talatu, wadda gidan wanzamai ɗaya suka yi musu tsage ita da ubanta.

Ta bar shi a durƙushe, tana ɓare gyaɗa.

"Malam Inusa ne da kansa? Ko Baraka? Ka faɗa mini wanda zan ba ruwa."

"Yaya, taimako na zo nema."

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe.

"In na je na zauna, wani mai babbar riga ya tambaye ka wace ce ni, mi za ka ce? Wata tsohuwa daga wajen ƙauyenmu?"

"Zan ce yayata ce. Zan ce wancan ubanmu ne."

"Wanda ya kamata ya ji yana ƙasa."

Duk da haka ta zo. Kwana biyu tana zaune a kan kujera a gindin mutum-mutumin, shi yana hawa yana sauka, yana duba kuncinta, yana komawa da kurfi. Ya shirya amsarsa, yana jiran mai tambaya. Ƴan kabu-kabu masu babura sun tsaya sun tambaye shi yaushe zai kwashe katakon da yake hawa daga hanya. Wata mai sayar da fura ta tambayi Talatu ko tana sha. Ba wanda ya tambayi ko fuskar wa ce.

Da ya gama, Talatu ta ja da baya har bakin kwalta, ta kare rana da tafin hannu, ta duba.

"Nashi sun fi haka zurfi," ta ce. Ta ɗauki ƙullinta, ta ce ya raka ta tasha.