Zanen Inna a Dandalin Samariya

Bayan farin nan na zamanin mulkin soja, yayana ya zo gida, garinmu Maijirgi, ya ce ƙungiyarsu ta samariyar Tasawa za su yi teyatur, wato wasan kwaikwayo. Wai labarin wani gida ne can ƙasar Irlande, wanda ya yi suna wajen Turawa, malaminsu na lakwal, makarantar boko ke nan, ya mai da shi Hausa. Ya ari baƙin zanen Inna, ya ɗauke mu a amalanke, ni da ita.

Ana fara wasa sai ga wata ta fito ɗaure da zanen, tana ɗingishi irin na Inna. Ta binne tukunyar hatsi ƙarƙashin gado, yaranta na kukan yunwa. Jama'a suna ta ihu, "Muguwa!"

Iri ne fa Inna ta ɓoye a shekarar farin. Shi muka shuka da ruwa ya sauka, tuwonsa yayan nawa ya ci har ya samu ƙarfin hawa dandali.

Da ya maido zanen, Inna ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ce, "Bar mata, ɗana. Matar Irlande ta fi ni bukatar sutura."