Kwamfuta da Hannun Rigar Yaya

Duk sa'ad da na ji kwamfuta ta yi ɗan kukan nan nata na tashi, sai hannun rigar yayana ya faɗo mini a rai.

Tun muna yara a Gamboru, in rediyon gidanmu ya shaƙe, tsohuwarmu cewa take, "A kira babban." Ni ƙaramin, aikina shanya batura a rana da korar awaki. Alhali wallahi marin rediyon kawai yake yi. Ajin da na gudu daga makaranta, shi ma a nan ya tsaya.

Muka yi furfura, rikici ya zo, aka ƙone ƙauyen da aka haifi tsohuwa. Abin da ya rage na gidan ubanta sai hotuna a kwamfutar 'yar Yaya. Kullum bayan la'asar takan ce a buɗe mata ta ga tsamiyar ƙofar gida.

Ran nan kwamfuta ta ƙi tashi. Baƙin allo, da 'yan fararen rubutu kamar an watsa shinkafa. Ga dokar hana fita, babu zuwa wurin mai gyara. Tsohuwa ta ture kwanon abinci.

Na ce yau ranata ce. Na kinkimi kwamfuta na shanya a kan tabarma ta sha rana. Na mare ta dama da hagu. Na tofa mata abin da na haddace. Shiru.

"A kira babban," in ji tsohuwa.

Ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya miƙa hannu zai danna maɓalli, hannun babbar rigarsa ya fizge wani ɗan filashin ajiyar bayanai da ke maƙale a gefen kwamfutar. Ƙit! Kwamfuta ta tashi.

'Yar Yaya ta dube ni ta ce, "Baffa, ashe cikin filashin take ta neman hanyar tashi, ta bar tata ta ciki."

Na ce, "To ku shaida, riga ce ta yi gyara!"

Babu wanda ya waiwaye ni. Tsohuwa na shafa tsamiyarta a allo, tana hawaye, tana sa wa babban albarka.

Yanzu tsohuwa ta rasu, unguwa ta cika da masu gyara. Amma a gidanmu, in kwamfuta ta ƙi tashi, Yaya ake kira. Kuma mutumin nan, ko kunya babu, sai ya shiga ɗaki ya sako wannan rigar.