Naman da Ya Zo Ba Kai

Kakata Iya Tasalla ba ta taɓa yarda da magana don kawai an faɗa mata ba. In ka ce ka wanke hannu, sai ta kamo shi ta sansana. In mai tallar man shanu ta rantse na yau ne, sai Iya ta lakata ta ɗanɗana, ta kafe yarinyar da ido har sai ta sunkuyar da kai. Mu jikokinta mun sha wuya a hannunta, ni kuwa da nake kwana a ɗakinta na fi kowa sha. Amma da an idar da sallar isha ta zauna kusa da murhu ta miƙe ƙafa, sai mu yafe mata duk laifinta na yini, domin a ƙauyenmu na ƙasar Doguwa babu bakin da ya kai nata iya tatsuniya.

Gidanmu gidan maharba ne. Kakanmu ya rasu ya bar bindigar toka guda ɗaya, Iya ce ke ajiye ta a ƙarƙashin gadonta, a naɗe cikin tsohon buzu. Babana manomi ne, daji bai dame shi ba. Ƙanensa Baffa Ilu, autan Iya, shi ya gaji harbi. Duk ranar da zai shiga daji sai ya zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa, ta jawo bindigar ta miƙa masa, in ya dawo ya mayar. Ni kuwa a lokacin ina 'yar shekara tara, ban ga mutum a duniya kamar Baffa ba. Shi ke cika min aljihu da kanya da ɗinya, shi ke kwaikwayon tafiyar Iya in ta ba da baya, har in yi ta dariya ina riƙe ciki.

Maharban garinmu suna da wata doka da suka gada. Daga lokacin da namun daji suka fara barbara har damina ta zauna sosai, ba a harbin mace, don ana ɗauka duk macen da ka gani tana da ciki ko tana shirin ɗauka. Mazo shi ne naman da aka fi samu a dajinmu, kuma bambance shi ba wuya, namijin na da ƙaho, macen ba ta da shi. Saboda haka duk wanda ya yi sa'a a wannan tsakanin, dole ya shigo gari da kan a hannu, ya ɗora shi kan katangar zaure, kowa ya wuce ya ga ƙahon da idonsa. Wanda aka kama ya harbi mace, Sarkin Baka, shugaban maharba, zai hana shi daji, sunansa kuma ya ɓaci ke nan.

A bazarar da nake ba da labari, matar Baffa, Inna Hanne, ta haihu, haihuwar kuwa ta zo mata da wuya. Ta rame, ta yi fari fat, nono ma da ƙyar yake zuwa. Kowa ya ce nama take bukata. Baffa ba shi da ko ɗan akuya, ga hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Ya karɓi bindiga ya ce akwai wani ƙaton namijin mazo da ya daɗe yana bin sawunsa, wannan karon ba zai dawo ba sai da shi.

Kwana uku ya yi. Ran na huɗu ana kiran magariba ya shigo da buhu a kafaɗa, ya sauke a tsakar gida. Muka yi ca a kansa muna murna. Nama ne an yanyanka, an yi masa banda tun a daji, ƙamshin hayaƙi na tashi. Iya ta taso a hankali, ta tsuguna, ta dinga juya tsokokin ɗaya bayan ɗaya da tsinin yatsa.

"Sannu da daji, Auta," ta ce. "Ina kan?"

"Iya, rataye shi na yi a reshe na gangara rafi. Kafin in dawo kura ta janye shi."

"Da fatar?"

"Har da fatar."

"Da rana tsaka?"

"Da la'asar ne, Iya."

"Ikon Allah," in ji Iya. "Wannan kura 'yar gidan mutunci ce. Ta ga cinya ta bar maka, ta ɗauki ƙaho ta tafi ta gwagwiya."

Ba wanda ya yi dariya. Ta ce a ɗaure buhun a rataye, kada wanda ya taɓa sai gari ya waye. Ni dai haushi ya cika ni. Mutum ya kwana uku cikin ƙaya da sauro, ko ruwa ba a bari ya sha ba an hau shi da tambaya kamar wanda ya sato tunkiya.

A kwanakin nan wuta ba ta mutuwa a gidanmu duk da zafin bazara, saboda ruwan wankan mai jego da ake dafawa a babbar tukunya. Bayan isha muka kewaye Iya daga nesa da wutar, mu shida. Baffa yana gefe yana tura itace ƙarƙashin tukunyar, don a shirya ruwan asuba. Na lura Iya ba ta zauna inda ta saba ba. Ta juya tabarmarta yadda za ta fuskance shi.

"Ga wata nan ta taho," ta ce, "wa zai ba ta wurin zama?"

"Mun ba ta, Iya!"

Ta ce an yi wani maharbi da ya ƙwallafa rai a kan wani namijin mazo mai ƙaho kamar rassan bishiya. Ya bi shi kan dutse, ya bi shi cikin kwari, kullum sai dai ya tarar da sawu da kashi mai ɗumi. Guzurinsa ya ƙare, takalminsa ya tsinke. Ran nan ya laɓe a bakin wani rafi, sai ga mace ta fito shan ruwa, tana tafe a hankali saboda nauyi. Ta ɗago ta gan shi, ba ta gudu ba. Ta ce, maharbi, ba ni kake nema ba, mijina na bayan dutse. Ya ce mijinki ya gajiyar da ni. Ta ce to ka yi min haƙuri ruwa ya sauka, mu biyu ne a nan. Maharbi ya dubi gabas ya dubi yamma, bai ga kowa ba, ya saki kibiya.

Iya ta gyara ɗankwalinta. Itacen da ke hannun Baffa ya tsaya a bakin murhu, bai shiga ba, bai fito ba.

Ta ci gaba, ta ce maharbi ya yanke kan ya binne a gindin bishiya, ya binne fatar, ya shigo gari ya ce ai namiji ne, kan ne ya faɗa masa a kogi. Aka zuba nama a tukunya. Aka yi ta wuta, aka yi ta wuta, nama ya ƙi dahuwa. Can da ruwa ya tafasa sai murfin ya fara rawa, tukunya ta kama waƙa. A nan Iya ta siranta murya, ta rera:

"Maharbi, maharbi, ina ka kai kaina?
Mu biyu muka sha ruwa, ni kaɗai ke tukunya."

Sau uku ta rera, kowane karo muryar na ƙara yin ƙasa. Ƙanena ya cusa kai cikin zanena. Ta ce aka canza tukunya, sabuwar ma ta ɗauki waƙar. Aka zuba a akushi, akushi ya ɗauka. Duk gari suka taru a ƙofar gidan maharbi suna saurare.

"Sai me ya faru, Iya?" muka tambaya.

"Ni nan na san ta," ta ce. "Ku tambayi Baffanku, shi ya san daji."

Baffa ya jefa itacen cikin wuta, ya karkaɗe hannu, ya ce mana sai da safe, ya shige ɗaki. Ni kuwa na kasa haɗiye abin da ke raina.

"Iya, wannan ba tatsuniya ba ce," na ce. "Yau kika ƙirƙire ta don ki ci wa Baffa fuska."

Na ɗauka mari zan sha. Sai ta dube ni kawai, ta ce, "Ke dai ƙawata, bakinki ya fi ki girma. Tashi ki shimfiɗa mana tabarma."

Da safe ta kira shi ɗakinta, ina ciki ina naɗe shimfiɗa, ba ta ma kore ni ba. Ya mayar da bindigar, ta karɓa ta ɗora kan cinya.

"Auta, namiji ne ko mace?"

"Namiji ne, Iya. In kina so in rantse..."

"Kada ka soma," ta katse shi. "Ba zan sa ka rantse ba, kada in jawo maka abin da ya fi wannan. Ban kai ka wurin Sarkin Baka ba, ba kuma zan kai ka ba. Amma Hanne ba za ta ci naman nan ta shayar min da jika ba, kai kuma ka gama riƙe bindigar ubanka."

Ya ce, "Iya, a kan zato?"

Ta ce, "A kan zato."

Ranar ta sa aka yanka akuyarta, ita ɗaya tal da take da ita, aka yi wa Inna Hanne farfesu. Naman buhun kuwa aka kai wa wasu masu saran itace da suka yi zango a bakin hanya. Da ranar kasuwa ta zo, Iya ta naɗe bindigar ta shiga mota da kanta ta kai wa ƙanenta a Tudun Wada. Mutanen gari ba a gaya musu komai ba, amma sun ga katangar zaurenmu ba kai, sun kuma ga maharbi ba bindiga. Kafin kaka Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Tiga, ya koyi kamun kifi da noman rani a hannun mutanen da ruwan dam ya tayar.

Ban yafe wa Iya ba. Na ci gaba da gaishe ta, ina ɗebo mata ruwa, amma na koma kwana ɗakin mahaifiyata, in an zauna tatsuniya kuma sai in ce barci nake ji. Ta kan leƙo ta ce, "Ƙawata, yau akwai ta Gizo, na ajiye miki wuri." In yi kamar ban ji ba. A raina ita tsohuwa ce mai mugun zato, wadda ta raba ɗanta da sana'ar ubansa a kan abin da ba ta gani ba. Da wannan ra'ayin na tafi makarantar kwana, ina can aka aiko ta rasu. Da shi na yi aure, na zama malamar makaranta a Kiru, har nakan ba ɗalibaina labarinta in ina yi musu gargaɗi a kan zargin mutum ba hujja.

Bara aka ce min ciwon ƙafa ya kwantar da Baffa, na je duba shi. Na same shi a inuwa yana gyaran komar kamun kifi, kansa ya yi fari tas. Muka yi ta hirar da, har na ce, "Baffa, ni har yau abin da Iya ta yi maka yana ci min rai. Allah Ya jiƙanta, amma ta zalunce ka."

Ya dakata da gyaran komar.

"Rabi," ya ce, "mace ce."

Na ce, "Wace?"

"Mazon. Na ga kanta sarai, ba ƙaho. Sau biyu ina ɗaga bindiga ina saukewa. Na ce in ƙara kwana ɗaya ko namijin zai fito, sai na tuna yadda na baro Hanne. A na uku na harba." Ya ja zaren komar ya ɗaure. "Da na farke cikin, ɗan yana motsi. Tare na binne su da kan."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, duk shekarun nan?"

"Wa zan faɗa wa? Iya ta sani tun da ta taɓa naman. Babanki ya sani. Hanne ma ba ta taɓa tambayata ba, kin san wanda bai tambaya ba ya sani ne." Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ke kaɗai kika yarda da ni a gidan nan. Na kasa rabuwa da wannan."

A motar dawowa na yi ta juya maganar. Har yanzu ban san abin da zan yi ba da ni ce a bakin rafin nan, da yunwar kwana uku, da mai jego tana jira a gida. Ban iya tsine wa Baffa ba. Na kuma gane abin da Iya take karewa, don yau yaran ƙauyenmu sai dai a kwatanta musu mazo da baki. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne yadda ta bi da zaton nata. Ta hana shi rantsuwar ƙarya, ta rufa masa asiri a wurin maharba, ta ciyar da matarsa da akuyarta, sannan ta bar ni ina ganin baƙinta, alhali kalma ɗaya za ta faɗa min ta wanke kanta. Ta gwammace in rasa ta da in rasa Baffa.

Shekara huɗu tana kirana in zo in zauna kusa da ita, ni kuwa ina kwance a ɗaki, idona biyu, ina jin muryarta ta cikin katanga.