Sista da 'Ya'yan Kifin Injiniya

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a ɗakin bakwaini na asibiti, tana renon jariran da aka sa a kwalba. Mace ce mai tsabta har ta ba mutum haushi. Ko surukinta ne ya miƙo hannu zai ɗauki jikanta, sai ta nuna masa famfo tukuna. Ba ta neman shawarar kowa. Abin da ta ga ya dace shi take yi, kuma abin takaicin, yawanci ita ce da gaskiya.

Mijinta, da kowa ke kira Injiniya saboda gyaran injin ruwa, mai kiwon kifin ado ne. A falonsu akwai tankin gilas da hita mai ɗumama ruwa a ciki, da kifin diskas biyu, mace da namiji, masu faɗi kamar faranti, ja da ratsin shuɗi. Kifi ne mai iyayi, ruwa ya ɗan huce sai ya ƙi cin abinci. Duk kwana biyu Injiniya zai kwashe sulusin ruwan, ya zuba wanda ya kwana a bokiti.

"Malam, da ni kake lallaɓawa haka, da na fi haka ƙiba," in ji Sista.

Burinsa ɗaya ne, ya ga sun raya 'ya'ya. Sau biyar suna yin ƙwai, sau biyar suna cinye abinsu.

Ana nan sai ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Sista ta jawo gadonsa falo, yana fuskantar tankin. Ita ke juya shi, ta yi masa wanka, ta auna jininsa safe da yamma, ta canza wa kifin ruwa yadda ta ga yana yi. Wata takwas babu abin da ya rasa. Idan ya fara ƙoƙarin magana kuwa, kafin kalmar ta fito ta riga ta ƙarasa masa.

A karo na shida ƙwan ya ƙyanƙyashe. 'Ya'ya sun fi hamsin, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ranar Injiniya ya yi murmushi da rabin bakinsa, ita kuma ta ƙudura a ranta cewa sai ya ga girmansu.

Kwana uku bayan haka ta ga abin da ya tayar mata da hankali. Iyayen sun yi baƙi, jikinsu ya yi yauƙi, 'ya'yan sun yanyame su suna tsattsagar fatarsu. A idon Sista wannan cuta ce, kuma ta san abin da ake yi in uwa ta kamu. Ta wanke ƙaramin tanki tas, ta daidaita ɗumin ruwan, ta ɗauko 'yar raga ta fara kwashe 'ya'yan zuwa cikinsa. Injiniya ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana bubbuga katifa.

"Ina zuwa, Malam, yanzu zan ba ka ruwan," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Washegari goma suka mutu. Ta niƙa musu abinci kamar gari, ko kallonsa ba su yi ba. Kwana biyu ana haka, kullum da safe tana tsame gawarwaki da cokali, tana kare tankin da jikinta kada ya gani. Da suka rage bakwai, ta kira mutumin da ya sayar musu da kifin.

Ya duba iyayen, ya duba ƙaramin tankin, ya girgiza kai.

"Mama, ai ba cuta ba ce. Wannan yauƙin shi ne nononsu. A jikin uwa da uba suke tsotsa har sati biyu. Kin yaye su ne tun ba su isa ba." Ya kalli gadon. "Baba ya san wannan sarai, shi ne ma ya koya mini. Ba ki tambaye shi ba?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Sista, domin ta duba wata takwas ɗin nan kaf, ba ta tuna ranar da ta tambaye shi komai ba.

Da mai kifin ya tafi, ta durƙusa a gefen gadon.

"Malam, na yi maka ɓarna. Saura bakwai. Yaya zan yi?"

Bakinsa ya shiga rawa. Kalmar ta maƙale, ta san ma wadda yake nema, amma ta danne harshenta ta jira. An daɗe, har gumi ya keto masa a goshi.

"Mai...da su," ya ce. "A hankali."

Ta tashi ta ɗauko ragar. Kowane ɗaya za ta mayar wurin iyayensa, sai ta juyo ta dubi Injiniya, ya gyaɗa kai tukuna.