Telan da Bai Auna Kyanwarsa Ba

Akwai wani aibi da ya yi yawa a cikin mutane, kuma ya fi wuyar magani saboda yana kama da kirki. Shi ne mutum ya so wani, sai ya ɗauka duk abin da ke masa daɗi shi ne ke wa wancan daɗi. Mai wannan hali ba ya tambaya, ba ya lura, sai dai ya yi ta zuba alheri har wanda ake yi wa ya nemi hanyar gudu. Na san wani tela a bakin layinmu wanda wannan aibi ya kama, kuma kyanwa ce ta warkar da shi.

A sana'arsa ba shi da abin zargi. Bai taɓa sa almakashi a yadi ba sai ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya sake aunawa. Amma ranar da ya tsinci wata 'yar kyanwa a bayan shagonsa, mai baƙin ɗigo zagayayye a goshi, ya raɗa mata suna Maɓalli, duk wannan hankali ya ajiye shi a aljihun keken ɗinki. Shi mai son madara ne, saboda haka ya cika mata kwano da madara safe da yamma. Shi mai tsabta ne, saboda haka ya riƙa tsoma ta a daro da sabulu mai ƙamshi, tana yakushi yana cewa wasa take yi. Daga ƙarshe ya ɗinka mata riga da ragowar ƙyalle, har da aiki a wuya.

Matarsa ta gaya masa cikin ladabi cewa madarar nan ita ke sa kyanwar gudawa, kuma dabbar da ke lasar jikinta tun safe ba ta jiran sabulun kowa. Ya amsa mata cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce, "To, Maigida, Allah ya sa ɗakin bai rufta da mai shi ba." Ta ci gaba da wanke tabarmar shago.

Wata safiya Maɓalli ta saɓule rigar, ta bar ta a ƙarƙashin tebur, ta ƙaura shagon mai guga da ke maƙwabtaka da shi. Abin ya yi wa tela ciwo ƙwarai, domin 'ya'yansa sun girma sun watse, kuma kyanwar kaɗai ce ke sauraron surutunsa ba ta ce za ta tafi ba. Ya ɗauko ta, ta koma. Ya rufe ƙofa, ta bi ta taga. Sai ya je ya tsaya a kan mai guga, ya zarge shi da raba shi da iyalinsa.

Mai guga bai ko ɗaga kai daga wandon da yake gogewa ba. Ya ce, "Haba, maƙwabci, ni fa ko son kyanwa ba na yi. Ban kira ta ba, ban kore ta ba. Kai dai son maso wani kake yi, ka kuwa san ƙarshensa."

Tela ya zauna a kan benci da niyyar kama ɓarawo, sai ya ɓige da karatu. Ya ga babu wani asiri. Akwai gwangwani na ruwa mai tsabta wanda ake sauyawa kowace safiya. Akwai guntun kifi marar gishiri da barkono, an cire ƙaya. Akwai tulin yashi a bayan shago inda take zuwa ta yi bukatarta ta binne. Sama da duka, in ta kwanta kusa da ɗumin gawayi, babu mai ɗaga ta ya juya ta kamar yadin da ake tayawa.

A nan ya kamata a yi wa tela adalci. Jahili na gaskiya shi ne wanda ya ga hujja ya kau da kai, shi kuwa bai kau ba. Ya koma shago ya zuba yashi a cikin daron wankan nan, ya ajiye shi a lungu nesa da kwanon abinci, yana kwashe ƙazantar kullum. Madara ya mayar da ita cikin shayinsa, inda ta dace tun farko. Ya kai ta wurin likitan dabbobi aka yi mata allura da maganin ƙuma, a can kuma ya ji cewa zaren da yake jefa mata tana wasa yana iya naɗe mata hanji idan ta haɗiye. Tun daga ranar shagonsa ya fi kowane shago shan shara. Sa'an nan ya yi abin da ya fi masa wuya duka, wato ya buɗe ƙofa ya kama bakinsa da hannuwansa.

Ba ta dawo da wuri ba, domin kyanwa ba ta karɓar tuba da baki. Ta fara leƙowa, ta sha ruwa ta fita. Daga baya ta kwanta a bakin ƙofa. Ranar da ta hau cinyarsa don kanta, ya daina taka keke, ya bar wani mai jiran rigarsa yana tsaye har ta gama barcinta.

Yanzu idanun tela sun yi rauni, ya bar wa ɗan ƙanensa keken. Yana zaune a ƙofar shago, 'yan layi masu kyanwa suna zuwa neman shawara, yana yi musu faɗa a kan madara kamar bai taɓa zuba wa kowa ba. Maɓalli ta tsufa tare da shi. Da hantsi tana wurin mai guga, da la'asar tana cinyarsa, ya kuma yarda da wannan rabo ba gardama. Rigar nan mai aiki a wuya kuwa, da ita mai guga yake riƙe hannun dutsen gugarsa.